Hagun Magini

Shekara talatin da huɗu ina zaune da mutumin nan, kuma in ka ce in faɗi halinsa a taƙaice, sai in ce maka ba ya shiga ɗaki bai ƙwanƙwasa bango ba. Asibiti ne, gidan surukai ne, ofishin hukuma ne, sai ya lanƙwasa yatsa ya buga bangon mutane, ya kara kunne. Na sha kunya har na gaji. In na ce, "Malam, gaisuwa muka zo ko duba gini?" sai ya ce, "Bulon nan yashi ya yi masa yawa." Wa ya tambaye shi?

Duk unguwa Magini ake ce masa, har jikokinsa. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya fara ɗaukar kwanon siminti a ka, yau ga shi furfura ta cinye gemu, tafin hannunsa ya yi kaushi har ba ya jin zafin kofin shayi. Ba shi da surutu. Ni ce mai bakin gidan, ban musa ba. Shi in ka ji ya jera magana uku, to a kan yashi ne ko a kan rodi. Kwatance kuwa, kada Allah ya haɗa ka da nasa. Ya taɓa yi wa ƙanena kwatancen gidan wani abokinsa, bawan Allah ya ƙare a shagon mai aski.

Lokacin da aiki ya yi wuya a nan, yaranmu suna ƙanana, ya tsallaka ƙasar da ke maƙwabtaka da mu, ya yi shekara goma sha ɗaya yana gini a babban garinsu na bakin teku. Mu nan muna kukan babu, amma in ka ga tasu babun sai ka kama bakinka. Duk da haka a shekarun nan kowa a garin so yake ya ɗora bene a kan bene. Malam ya dawo da ciwon baya da wani irin shiru. Gine-ginen da ya yi a nan, har nuna mana su yake yi ta tagar mota. Na can kuwa ko sau ɗaya ban ji ya yi alfahari da su ba. Ni da nake ganin babu abin da ke wuce ni, ban lura ba.

'Yarmu ta ƙarshe, Auta, malamar makaranta ce. Ta auri ɗan wani tsohon abokin aikinsa na can, yaron kirki, ma'aikacin jirgin ruwa, wanda yakan yi wata uku a teku bai taka ƙasa ba. Bara waccan ta bugo waya tana murna, wai sun sami ɗakuna a wani bene mai hawa uku kusa da kasuwa, kuma masu gidan sun ce babanta ne ya gina shi.

Malam ya ajiye cokali. "Kada ta shiga gidan nan."

"Saboda me?" na ce.

"Ta nemi wani."

"Haba Malam! Ginin ubanta ne fa. Kai da kake raina bangon kowa, yau naka ne ba ka yarda da shi ba? Faɗi dalili mu ji."

Bai faɗa ba. Ni kuwa na karɓi wayar na ce, "Rabu da babanki, kin san shi da tsirfa. Ku tare abinku." Da bakina na faɗa. Bayan sun tare ya shiga mota, tafiyar kwana biyu, ya je ya dawo. Na tambaye shi abin da ya kai shi, ya ce wani abu ya nuna mata.

Ranar wata Talata da hantsi ina wanki a tsakar gida, ruwan baho ya ɗan yi rawa. Ban kawo komai ba, na ɗauka tirela ce ta wuce. Can maƙwabciyata ta leƙo ta katanga da rediyo a hannu, fuskarta ba daɗi. Ƙasa ta girgiza a can, kuma garin bakin teku ne ya fi shan wuya. Na tsame hannu da kumfa na kira Auta. A kashe. Na sake kira. Na kira ya fi sau hamsin, har yatsana ya daina gane lambobin. Da la'asar mijin Auta ya samu ya bugo daga jirgi yana kuka kamar ƙaramin yaro. Wani ya gaya masa benen ya zauna gaba ɗaya, kuma Auta ba ta je makaranta ranar ba, zazzaɓi take yi.

Ban san lokacin da na zube ƙasa ba. Malam kuwa ya miƙe. Ya shiga ɗakin kayan aikinsa ya fito da takardar buhun siminti da fensir, ya zauna a kan bulo ya fara zane.

Washegari da safe na same shi a wurin, zanen ya cika takarda. Haushi ya kama ni.

"'Yarka tana ƙarƙashin ƙasa, kai kana nan kana zane-zane?"

"Zauna," ya ce.

Rabon da ya ce mini zauna da irin muryar nan tun rasuwar mahaifiyarsa. Na zauna. Ya ɗora yatsa a kan wasu ƙananan murabba'ai.

"Ginshiƙan nan rodi shida-shida ya kamata a sa musu. Huɗu muka sa, kuma sirara. Buhun siminti ɗaya muka riƙa ba shi yashin buhu biyu. Ɗan kwangila ya ce haka za a yi, wanda bai yarda ba ga hanya nan. Ina da ku a gida. Na yi."

"Innalillahi. Malam, kai?"

"Ni."

"Kuma ka bari na tura ta ciki?"

"Kunya ta hana ni gaya miki."

Wallahi a lokacin da akwai taɓarya kusa da ni, ban san abin da zan aikata ba. Amma ya ci gaba. Gidan matakala biyu gare shi, ɗaya a kowane gefe. Guda wasu ne suka zuba ta. Ɗayar shi ya zuba da hannunsa, a makon da ɗan kwangila ya yi tafiya, ya sa mata rodi da siminti yadda ya kamata, don ya san shi ne zai riƙa hawanta kullum da kaya a ka. A ƙarƙashinta akwai ɗan ɗaki inda masu haya ke ajiye jarkokin ruwa. Abin da ya je ya nuna wa Auta ke nan. Ya kama hannunta ya kai ta wurin, ya ce duk ranar da ta ji gidan nan ya motsa, kada ta nufi titi, ta shige nan.

"In ta tuna, in kuma ta kai," ya ce, "tana da rai."

A babban zauren makarantar unguwarmu ake tara gudummawa. Wadda ke jan ragamar aikin wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, kowa Sista yake ce mata, gajeruwa, da muryar da za ta tsayar da kasuwa. Ƙungiyarsu ta riga ta tura masu aikin ceto tun ranar farko, mu namu shi ne mu cika tirela mu bi su da kaya. Na je don in na zauna a gida zan haukace.

Na ga mutane a zauren nan. Na ga tsohon da ke tura kurar ruwa a layinmu ya kawo bargonsa, wanda na san shi ke nan gare shi, ya ajiye ya juya da sauri kada a gode masa. Na ga mata masu sayar da kayan miya sun haɗa buhun gishiri. Na kuma ga wata mai ƙamshin turare ta sauko daga mota da jaka uku, muka buɗe, sai takalmi mai tsini ƙafa ɗaya, da fanka marar kai, da labulen da ɓera ya gama da shi. Na ce, "Baiwar Allah, girgizar ƙasa aka yi, ba a ce an buɗe sabon juji ba." Sista ta harare ni, amma ba ta ce na yi ƙarya ba. Barguna gefe guda, tufafin yara gefe guda, magunguna a kwali, shinkafa da ruwan gora a bakin ƙofa. Duk rigar mace da na ɗaga sai in ga kamar za ta yi wa Auta daidai, sai in ninke da sauri in ɗauki wata.

Da azahar Malam ya shigo da takardarsa a naɗe, ya miƙa wa Sista.

"Wannan fa, a wane tsibi zan sa shi?" ta ce.

"Taswirar gida ce. 'Yata tana ciki."

Sista ta dube shi, ta dube ni, ta buɗe takardar a kan tebur. Ta ce tirela sai ta yi kwana uku kafin ta isa, don gada ta karye a hanya. Amma akwai wata ƙatuwar waya mai eriya a jakarta, wadda ba ruwanta da sabis ɗin gari. Masu ceton suna kunna tasu sau biyu kawai a rana saboda batir, da sassafe da kuma gab da magariba. Ta ce ya jira, za ta ba shi minti biyu.

Gab da magariba wayar ta yi ƙara. Shugaban masu tonon, wanda Sista ke kira Kyaftin, muryarsa ta dushe da ƙura. Ya ce ya san benen. Sun wuce ta wurin, sun buga ƙarfe sun saurara, ba su ji motsin kowa ba. Katafila ɗaya gare su a unguwar gaba ɗaya, kuma gidaje sun fi ɗari.

"Akwai wuri a ƙarƙashin matakala," in ji Malam. "Ba za ku ji su daga sama ba, kankaren yana da kauri."

"Maƙwabta sun ce matakala biyu ce. Wacce? Ba zan iya tona biyu ba, Baba. Gobe da safe zan ba ka katafila zuwa azahar, daga nan za ta tafi wata makaranta da ta rushe."

"Ta hagu."

"Ta hagu. Na ji."

Waya ta mutu. Ranar na ɗan ci abinci.

Ranar Alhamis muka koma zaure tun da wuri. Malam ya ƙi zama, ya shiga cikin masu ɗaukar buhu duk da bayansa. Wajen sha biyu direban tirelar, wani da ake ce wa Dogo, ya iso zai yi lodi. Sista tana tsaye a farfajiya kusa da motar, tana fuskantar zauren, ta ɗaga murya.

"Magini, a jera shinkafar nan a waje, hagun ƙofa. Ta nan Dogo zai ja baya."

Ta tafi wajen magunguna. Da ta dawo ya jera buhu ashirin reras, tsaf kamar bulo, amma a ɗaya gefen.

"Kai Magini! Hagu na ce!"

"Ai hagu ne," ya ce.

"Wannan dama ce, bawan Allah!"

Ni da bakina da ba ya gajiya, har da 'yar dariya, ta farko tun Talata. Na ce, "Sista, ki yi haƙuri. Shekara talatin da huɗu nake fama. Su magina in za su ja igiyar tushe, a cikin fili suke tsayawa su fuskanci titi. Shi duk gidan duniya daga ciki yake kallonsa. Hagunsa damar mutane ce."

Ban rufe baki ba na ji abin da na faɗa.

Buhun da ke kafaɗar Malam ya sulale ya fashe a ƙasa, shinkafa ta watsu har ƙarƙashin mota. Bai ko kalle ta ba. Ya ɗaga hannunsa na hagu yana dubawa, ya juya ya fuskanci titi, ya sake juyowa ya fuskanci zauren. Leɓunansa suka yi fari.

"Kyaftin a kan titi yake tsaye," ya ce.

Sista ba ta tambayi komai ba, ta gane. Ta ruga ta zaro wayar ta danna. Shiru. Ta sake dannawa, ta fita tsakiyar fili ta ɗaga eriya sama. Tasu a kashe take, kuma ba za a kunna ba sai magariba. Agogon bangon zauren ya nuna sha biyu da kwata. A daidai lokacin katafila tana can tana haƙa matakalar da ba ita ba, kuma da azahar za ta tafi.

Ban taɓa jin tsoro irin na yinin nan ba. Na haihu bakwai, na binne biyu, amma wannan daban ne. Na zauna a kan tsibin barguna. Ina ganin Auta a cikin duhu, da zazzaɓi, tana jin ƙarar inji ta bango, tana cewa ga su nan, Baba ya turo su. Na tashi na je na tsaya a kan Malam, wanda ya tsuguna yana tsince shinkafa da hannu ɗaya-ɗaya.

"Gabas da yamma ba ka san su ba? Ɓangaren kasuwa ba za ka iya cewa ba? Sai hagu? Sau biyu ke nan, Malam. Sau biyu kana binne yarinyar nan!"

Na faɗa a gaban mutane. Bai ɗago ba. Dogo ne ya zo ya ce, "Mama, ya isa haka," ya ja ni gefe ya ba ni ruwa.

Aka yi azahar. Aka yi la'asar. Aiki bai tsaya ba, don Sista ta ce masu jin sanyi a can ba su san da hagu ko dama ba. Amma zauren da ke cike da hayaniya ya koma sai ƙarar tef da ake naɗe kwalaye. Duk wanda ya wuce ta gaban teburin Sista sai ya saci kallon wayar. Rediyon wani ya ce ƙasa ta sake motsawa a can da rana, wasu gine-ginen da suka tsage sun ƙarasa faɗuwa. Na ce a kashe rediyon nan ko in fasa shi.

Rana ta yi ja kafin wayar ta yi ƙara. Sista ta danna yadda kowa zai ji.

"Ku gaya wa Baba mun tona," in ji Kyaftin. "Matakalar ta murƙushe, babu wani wuri a ƙarƙashinta. Mun fito da mutum biyar, ba mai rai. Ya yi haƙuri."

Malam ya karɓe wayar da hannu biyu. "Ba ita ba ce. Kuskurena ne. Ta gabas nake nufi, ta ɓangaren kasuwa."

Kyaftin ya yi huci. "Baba, ka san abin da ka ci mini? Awa shida. Katafila tana makaranta yanzu, akwai yara a ƙasa, muna jin muryarsu. Ba zan ɗauke ta ba."

"Kada ka ɗauke ta. Ba a bukatar inji. Ka ba ni mutum uku da guduma da cebur. Su tsaya a bakin kwata ta gabas, su ƙirga taku tara zuwa ciki. Su kwashe ɓaraguzai, za su tarar da bango. Wannan bangon ba kankare ba ne, bulo ne mai rami, layi ɗaya, akwai 'yar kafar iska a samansa. Su fasa daga ƙasa, kada su taɓa sama."

"Wadda muka tona ta zama gari. Me zai sa waccan ta tsaya? Gida ɗaya ne, gini ɗaya."

Zauren ya cika maƙil, har da masu kawo kaya da suka tsaya a bakin ƙofa. Akwai mutanen da Malam ya gina wa gidaje a cikinsu.

"Ni na gina gidan," ya ce. "Na san inda muka yi ha'inci, na san inda ban yi ba. Ginshiƙan da suka kashe mutanen nan, ni na zuba su, rodi huɗu a gurbin shida. Matakalar gabas kaɗai na yi tsakani da Allah. In ka gama aikinka ka sa a kama ni, ba zan gudu ba. Amma ka tura mutum uku."



"Biyu zan iya," in ji Kyaftin. "Da asuba."

Muka taho gida, yana gaba ina baya. Mutanen da suka saba ɗaga masa hannu daga shaguna, labari ya riga mu isa wurinsu. Wasu suka sunkuyar da kai, wani mai sayar da fenti ya tofar da yawu.

Juma'a da sassafe muna zaure kafin mai gadi ya buɗe ƙofa. Lokacin kiran safe ya zo ya wuce, waya ba ta yi ƙara ba. Bakwai. Takwas. Na tabbata sun tarar da gawa ne suna neman yadda za su faɗa. Na fara tunanin wace riga ce a jikinta. Tara saura wayar ta yi ƙara, Sista ta danna.

"Ku riƙe," in ji Kyaftin.

Sai wani numfashi, sai wata murya kamar ta tsohuwa.

"Mama?"

Ihun da na yi, an ce har bakin titi an ji. Auta ce. Hannunta ya karye, muryarta ta tafi, amma ita ce. Da gidan ya fara rawa ta fito da gudu, ta ci karo da maƙwabciyarta da 'ya'yanta biyu suna nufin titi, ta fizgo su suka shige ƙarƙashin matakala. Ruwan jarkokin nan suka riƙa sha. Ta ce jiya sun ji inji yana aiki ta can gefe, suka yi ta ihu har muryoyinsu suka ƙare, sannan suka ji ƙarar tana nisa, tana nisa, har ta ɓace. Ta ce a nan ne maƙwabciyar ta fara yi wa 'ya'yanta addu'ar da ake yi wa mai barin duniya.

"Ba ni Baba," ta ce. Na kara masa wayar. "Baba, matakalarka ba ta faɗi ba."

Zaure ya kaure da kabbara da kuka. Dogo ya rungumi tsohon mai kurar ruwa. Malam kaɗai bai motsa ba. Ya ce a ba shi Kyaftin.

"Mutum nawa suka fita daga gidan da rai?"

"Su huɗun nan, da wasu biyu tun ranar farko."

"Nawa ne a ciki?"

"Maƙwabta sun ce sun haura talatin."

Malam ya rufe ido. Sannan ya tambayi wani abin da ban zata ba. Wani bene mai ruwan ɗorawa a bayan tashar mota, yana tsaye? Kyaftin ya ce yana tsaye, ya tsage dai, kuma mutane sun fara komawa ciki saboda an soma ruwan sama, tantuna ba su isa ba. Na kusa da gidan mai fa? Shi ma. Malam ya miƙa wa Sista wayar ya fita.

Na same shi a gida yana zuba guduma da gwangwanin jan fenti a buhu. Na tsaya a bakin ƙofa na baza hannuwa.

"Ina za ka?"

"Akwai gidaje shida da na gina da suka rage. Duk ɗan kwangila ɗaya ne, duk aiki ɗaya ne. Masu duba gini ba za su kai kansu ba sai bayan wata guda. Ni na san su."

"Ka ba Sista sunayen unguwannin ta faɗa a waya."

"Na ga abin da waya ta yi. Kuma wa zai bar ɗakinsa ya kwana a ruwa don an ce wani ya ce? Sai sun ga wanda ya gina."

"Za su kashe ka, Malam. Mutanen da suka binne 'ya'yansu za ka je ka ce wa kai ne? Allah ya dawo mini da ɗaya, kai kuma za ka tafi? Maganar da na faɗa jiya, zafin rai ne. Na janye."

"Ba ki yi ƙarya ba," ya ce. Ya ɗauke hannuna daga jikin ƙofa a hankali ya wuce. Tirelar Dogo ta tashi da azahar, yana zaune a baya a kan buhunan shinkafa.

Yau kwana goma sha biyu da tafiyarsa. Ina nan a zaure ina ninke barguna, tirela ta huɗu muke cikawa. Auta tana tantin asibiti, mijinta ya iso. Ta ce babanta ya zo ya tsaya a kanta, ya dafa goshinta, bai zauna ba ya tafi. Sauran labarin daga bakin Kyaftin nake samu, guntu-guntu. Gida-gida yake bi, ya tsaya a ƙofa ya ce shi ya gina, ga abin da ke cikin ginshiƙan, su fito. A gida na biyu wani ya jefe shi da gutsuren bulo ya fasa masa gira. Ya goge jinin ya fasa ginshiƙi ɗaya da guduma, ya nuna musu rodin su ƙirga da idonsu. Suka fito. Biyar sun zama kango yanzu, da jan fenti a ƙofofinsu.

Na shidan ne suka ƙi. Hawa huɗu ne, iyali goma sha ɗaya, da tsofaffi da jarirai, sun ce ba su da inda za su, in mutuwa ce ta same su a inuwa. Shekaranjiya Kyaftin ya ce Malam ya ɗauki tabarmarsa ya shimfiɗa a hawan ƙasa, a jikin ginshiƙin da ya fi tsagewa, ya ce ba zai fita ba sai na ƙarshensu ya fita. Na ce a gaya masa ni matarsa na ce ya fito, don girman Allah. Kyaftin ya ce ya gaya masa.

Ɗazu da hantsi rediyo ya ce ƙasa ta sake girgiza a can, mai ƙarfi, ba su faɗi unguwannin da abin ya shafa ba. Sista ta gwada wayar sau uku, a kashe. Sai magariba za su kunna, kuma yanzu ko azahar ba a kira ba.